Ƙara wa katin hoton laftof gudu: Yadda ake yi, ribarsa da iyakarsa

Ƙarin gudu shi ne a sa katin hoton kwamfuta ya yi aiki da saurin da ya zarce wanda kamfanin da ya ƙera shi ya tsayar masa. Masu wasannin kwamfuta ne suka fi yin hakan, domin su samu ƙarin hotuna a kowace daƙiƙa ba tare da sun sayi sabuwar na'ura ba. Shi ne abin da haruffan OC suke nufi idan aka gan su a jikin kwalin kwamfuta ko a cikin manhaja.

A kwamfutar tebur wannan aiki yana da sauƙi, domin akwai sarari da manyan fankoki da isasshiyar wuta. A kwamfutar tafi-da-gidanka, wato laftof, zafi da adadin wutar da aka ware wa katin su ne suke yanke hukunci. Saboda haka ribar ba ta da yawa, kuma hanyar samunta lafiya ita ce a fara da sanyaya na'urar, a riƙa ƙari kaɗan-kaɗan ana gwaji, sannan a bar abin da kamfani ya kulle a kulle.

Yadda katin hoto yake aiki

Katin hoto, wanda ake taƙaita sunansa da GPU, shi ne ɓangaren da ke zana duk abin da ake gani a cikin wasa. Manyan masu ƙera shi su ne NVIDIA mai GeForce, da AMD mai Radeon, da Intel mai Arc. Yana da sassa biyu da ake iya ƙara wa gudu: cibiyar da ke yin lissafi, da ma'adanar da ke riƙe hotunan da ake aiki a kansu. Ana auna saurin kowannensu da megahaz, kuma megahaz ɗaya bugu miliyan ɗaya ne a daƙiƙa.

Katin zamani ba ya tsayawa a kan gudu ɗaya. Tun daga 2012, lokacin da NVIDIA ya fito da tsarin GPU Boost, katin da kansa yake ɗaga gudunsa ko ya sauke shi gwargwadon zafin jikinsa, da wutar da yake sha, da ƙarfin lantarkin da aka yarje masa. Da zarar ya taɓo iyakar ɗaya daga cikin ukun nan, sai ya ja da baya. Wannan na nufin katin ya riga ya ci mafi yawan sararin da masu ƙarin gudu suke ci a da. Abin da ya rage shi ne ɗan ratar da kamfani ya bari domin ko katin da ya fi rauni a cikin dubban da aka ƙera ya yi aiki ba matsala.

Ita wannan rata ba daidai take a kowane kati ba. Laftof biyu iri ɗaya, daga kamfani ɗaya, za su iya bambanta a yawan ƙarin da suke ɗauka. Don haka kwafo lambobin wani daga intanet a ɗora wa na'ura ba dabara ba ce.

Abin da ya raba laftof da kwamfutar tebur

Bambanci na farko shi ne wuta. Katin RTX 4090 na kwamfutar tebur yana shan wat 450, amma mai irin wannan suna na laftof an tsara shi ne tsakanin wat 80 zuwa 150, da ɗan ƙarin da bai wuce wat 25 ba. Shi kuwa RTX 4060 na laftof ana samunsa daga wat 35 har zuwa 115. Ke nan laftof biyu za su iya ɗaukar kati mai suna ɗaya, amma ɗaya ta yi wa ɗayar fintinkau. Wannan ruɗani ne ya sa a 2021 NVIDIA ya buƙaci masu ƙera laftof su riƙa bayyana gudu da wutar katin da ke cikin kowace na'ura.

Na biyu shi ne zafi. A yawancin laftof, katin hoto da ƙwaƙwalwar kwamfutar, wato furosesa, suna tarayya a bututun tagulla da fankoki iri ɗaya. Idan ɗaya ya yi zafi, ɗayan ma zai ji a jikinsa. Haka kuma tsarin Dynamic Boost na NVIDIA da SmartShift na AMD suna karkatar da wuta tsakanin sassan biyu, ta yadda duk wanda ya fi buƙata a lokacin shi ake ƙara wa.

Na uku shi ne gyara. Katin kwamfutar tebur idan ya lalace cire shi ake yi a sa wani. Na laftof kuwa a liƙe yake da dalma a jikin babban allon na'urar, wanda masu gyara ke kira bod. Idan ya ƙone, galibi sai dai a sauya allon gaba ɗaya, kuma kuɗin hakan kan kusanci na sayen wata laftof ɗin.

Waɗannan dalilai ne suka sa kamfanoni suke kulle wurin ƙara ƙarfin lantarki da na ɗaga iyakar wuta a yawancin laftof. A watan Fabrairun 2015 ma NVIDIA ya taɓa toshe ƙarin gudu baki ɗaya a katunan laftof na jerin GTX 900M, kafin ƙorafin masu amfani da su ya sa ya janye matakin.

Ribar da ake samu

Lissafin ba shi da wuya. Katin da ke gudu a kan megahaz 2,000, idan aka ƙara masa 100, ƙarin kashi 5 cikin 100 ke nan. Wasan da yake ba da hotuna 60 a daƙiƙa ba zai wuce 63 ba, kuma sau da yawa ba ya kaiwa hakan. Wasan da ke tafiya a kan hotuna 25 ba zai koma 60 ta wannan hanya ba.

Inda ƙarin yake da amfani shi ne a bakin iyaka, kamar wasan da ke tsayawa a 56 ko 57 alhali ana so ya cika 60. Idan kuwa furosesa ce ta gaza, ko ma'adanar kwamfutar ta yi kaɗan, ƙara wa katin hoto gudu ba zai sauya komai ba. Ana gane hakan idan aka ga katin ba ya aiki da cikakken ƙarfinsa a tsakiyar wasa, amma wasan yana sarƙewa.

Shiri kafin a fara

Sharaɗi na farko shi ne a san zafin na'urar kafin a taɓa komai. Yawancin katunan NVIDIA na laftof suna fara rage gudu da kansu idan suka kai kusan digiri 87 a ma'aunin Salshiyos. Laftof ɗin da tun ba a yi mata ƙari ba take kaiwa digiri 85 a cikin wasa, sanyaya take buƙata. Wadda take tsayawa ƙasa da 80 ita ce ke da sararin gwaji.

A share ƙurar da ta toshe hanyoyin iska da fankoki. A ɗora na'urar a kan tebur, a ɗan ɗaga bayanta domin iska ta shiga ta ƙasa, ko a sa mata faifan sanyaya mai fanka. Katifa da filo da darduma suna toshe ƙofofin iska. Idan laftof ta shekara uku ko fiye ana aiki da ita, mai yiwuwa man da ke tsakanin katin da ƙarfen da ke zuƙe zafi ya bushe, kuma sauya shi aikin ƙwararren mai gyara ne. Akwai laftof da ake sa wa ruwan ƙarfe a madadin man, irin wasu na jerin ROG na kamfanin ASUS. Shi wannan ruwa yana ɗaukar lantarki, kuma ɗigo ɗaya a kan allon ya isa ya lalata shi.

Dole a yi aikin na'urar tana jone da cajarta ta asali. Cajar laftof ɗin wasa kan kai wat 180 zuwa 330, kuma idan aka sa mata ƙarama, ko aka bar ta a kan batir, katin ba zai samu cikakkiyar wutarsa ba. A sabunta direban katin, a zaɓi tsarin aiki mafi ƙarfi a manhajar kamfanin, sannan a kwafe muhimman takardu zuwa wani wuri, domin na'ura kan iya ɗaukewa a tsakiyar gwaji.

Manhajojin da ake amfani da su

Wuri mafi aminci da za a fara shi ne manhajar kamfanin da ya ƙera laftof ɗin: Armoury Crate ta ASUS, da Vantage ta Lenovo, da MSI Center, da PredatorSense ta Acer, da OMEN Gaming Hub ta HP, da Alienware Command Center ta Dell. Wasu daga cikinsu suna da wurin ƙarin gudu a kan nau'o'in da kamfanin ya amince, kuma sun ƙayyade iyakar da ba za a wuce ba.

Wadda ta fi shahara a wajen waɗannan ita ce MSI Afterburner. Kyauta ce, kuma ba sai laftof ta kasance ta MSI ba. Tana zuwa tare da RivaTuner Statistics Server, wadda ke nuna zafi da gudu da yawan hotuna a gefen fuskar kwamfuta yayin da ake wasa. Sai dai a kula da inda aka sauko da ita. A 2021 kamfanin MSI ya yi gargaɗi game da shafin bogi da ke raba manhajar ɗauke da ƙwayar cuta. Shafin MSI da na Guru3D su ne ingantattun wuraren samunta.

Don sa ido a kan na'ura akwai HWiNFO da GPU-Z. Ita GPU-Z tana da layi mai suna PerfCap Reason, wanda ke faɗin abin da ya hana katin ƙara gudu a wannan lokaci: Pwr na nufin iyakar wuta, Thrm kuma zafi. Idan Thrm ne yake fitowa, babu amfanin ci gaba sai an magance zafin. Don gwaji kuma akwai Time Spy na 3DMark, da Unigine Superposition, da OCCT. FurMark tana matsa wa kati fiye da kowane wasa, don haka ba a barin ta ta daɗe a kan laftof.

Matakan aikin

Mataki na farko shi ne awo. A yi gwaji sau biyu ko uku ba tare da ƙari ba, a rubuta makin da aka samu, da zafi mafi yawa, da gudun da katin ya tsaya a kai bayan minti 15 zuwa 20. Gudun mintin farko ba abin dogaro ba ne, domin a lokacin ƙarfen bai ɗau zafi ba.

Na biyu shi ne cibiyar katin, layin da aka rubuta wa Core Clock. A fara da ƙarin megahaz 50, a yi gwaji na minti 10. Idan komai lafiya, a riƙa ƙara 15 zuwa 25 ana maimaita gwajin. Da zarar matsala ta bayyana, a koma baya da mataki biyu, a tsaya nan. Katunan laftof da yawa suna tsayawa ne tsakanin ƙarin 100 zuwa 200, wasu kuma ba sa kaiwa.

Na uku shi ne ma'adanar katin, layin Memory Clock, kuma ba a taɓa shi sai an gama da na farko, domin a san wanne ne ya jawo matsala idan ta taso. A riƙa ƙara 50 zuwa 100 a kowane mataki. A nan maki ake kallo. Ma'adanar zamani irin GDDR6 tana gano kuskure ta sake aika saƙon, don haka idan an wuce iyaka wasan ba lallai ya tsaya ba, amma makin zai daina hawa ko ya fara sauka. Inda ya daina hawa, a ja baya kaɗan. Kazalika, a laftof mai ƙarancin wuta, abin da ma'adanar ta ƙara sha daga kason cibiyar yake fita.

Na huɗu shi ne dogon gwaji. A haɗa ƙarin biyu, a yi awa ɗaya zuwa biyu ana buga wasannin da aka saba, ba guda ɗaya ba, domin ƙarin da ya zauna a wani wasa kan iya faɗuwa a wani. Sai an kwana biyu ko uku ba matsala sannan a ba manhajar izinin ɗora saitin da kanta duk lokacin da aka kunna kwamfutar. Wanda ya yi gaggawar ba da wannan izini yana iya samun na'urar tana sarƙewa tun daga kunnawa.

Alamomin an wuce iyaka

Ɗigo-ɗigo masu launi, da layuka, da walƙiyar da ba ta cikin wasan, da siffofin da suka miƙe ba bisa ƙa'ida ba, duk alamu ne na ƙarin da ya yi yawa. Haka nan wasa ya rufe kansa, ko fuskar kwamfuta ta yi baƙi na ɗan lokaci ta dawo. Wannan na ƙarshe aikin Windows ne: idan katin ya yi daƙiƙa biyu bai amsa ba, sai ta sake tayar da direbansa. Irin waɗannan ba sa nufin katin ya lalace, kuma suna gushewa idan aka rage ƙarin.

Alamomin da ke buƙatar a dakata nan take su ne na'ura ta mutu ɗungurungum a tsakiyar wasa, ko a ji ƙaurin ƙuna, ko caja ta yi zafin da ba a iya riƙe ta, ko a ga gindin laftof ko wurin linzaminta ya kumbura. Kumburi alama ce ta batir ya lalace, kuma batirin da ya kumbura yana iya kamawa da wuta.

Rage ƙarfin lantarki

Hanyar da ta fi dacewa da laftof sau da yawa ita ce a rage wa katin ƙarfin lantarki a bar gudunsa yadda yake. Dalilin yana cikin lissafi. Wutar da kati ke sha tana hawa daidai da gudu, amma tana hawa da ninkin ƙarfin lantarki a kan kansa. Idan aka ƙara ƙarfin da kashi 10 cikin 100, wutar za ta ƙaru da kimanin kashi 21. Idan aka rage shi da kashi 10, za ta ragu da kimanin kashi 19. Katin da ya rage shan wuta yana rage zafi, kuma wanda ya yi sanyi ya fi daɗewa a kan babban gudunsa.

A Afterburner ana buɗe jadawalin wannan aiki da maɓallan Ctrl da F. Jadawalin yana nuna gudun da katin ke yi a kan kowane matakin ƙarfin lantarki. Ana zaɓar ɗigon da ke ƙasa kaɗan da inda katin ya saba aiki, a ɗaga shi zuwa gudun da ake so, sannan a daidaita duk ɗigon da ke damansa su zama layi ɗaya. Gwajin da ake yi bayan haka daidai yake da na ƙarin gudu. Idan an rage da yawa wasan zai rufe, sai a ɗan mayar.

Abubuwan da ake kauce wa

Akwai masu sauya manhajar da ke can cikin katin, wato vBIOS, da ta wata laftof mai wuta mafi yawa. Akwai kuma masu taɓa ƙananan sassan allon domin katin ya ɗauka wutar da yake sha ba ta kai haka ba. Duka biyun suna ɗora wa sassan da ke raba wuta a kan allon nauyin da ba a ƙera su don shi ba, kuma kuskure ɗaya wajen sauya vBIOS ya isa ya hana katin tashi. A nan ne ake zuwa neman gira a rasa ido. Ƙarin da aka yi ta manhaja ana goge shi da danna maɓalli ɗaya, amma waɗannan ba su da irin wannan hanyar komawa.

Batun garanti kuma ya danganta da kamfani, don haka a karanta takardar sharuɗɗan kafin a fara. AMD, alal misali, ya bayyana cewa garantinsa bai shafi lalacewar da ƙarin gudu ya jawo ba, ko da da manhajarsa aka yi.

Zafin gari da ƙura

Yawancin masu ƙera laftof suna rubuta digiri 35 a matsayin zafin ɗaki mafi yawa da na'urar za ta yi aiki a cikinsa. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin rana kan haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu. Fanka ba ta sanyaya kati sai da iskar da ta samu, don haka duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan shi katin zai ƙara. Saitin da ya zauna daram da sanyin Janairu yana iya gazawa a Afrilu. Abin da ya dace shi ne a ajiye saiti biyu, a koma na asali ko na rage ƙarfin lantarki idan bazara ta kama.

Hunturu kuma yana zuwa da ƙura, wadda ke taruwa a fankoki da tsakanin siraran ƙarafan da iska ke bi. Na'urar da ake aiki da ita a irin wannan yanayi ta fi buƙatar shara akai-akai. Inda wuta ke yawan ɗaukewa da dawowa, ko ake amfani da janareto, na'urar daidaita wuta tana kare caja. Wanda ya sayi laftof ta hannu kuwa, ya tabbatar cajar da aka haɗa masa ta kai adadin wat ɗin da kamfanin ya rubuta, ya kuma auna zafinta kafin ya yi tunanin ƙari.

Sauran hanyoyin samun ƙarin hotuna

Akwai matakan da ribarsu kan fi ta ƙarin gudu, kuma ba su da haɗari. Rage ingancin inuwa da haske a cikin saitin wasa yana sauke wa kati nauyi sosai. Fasahohin DLSS na NVIDIA, da FSR na AMD, da XeSS na Intel suna zana hoton a ƙarami sannan su faɗaɗa shi, a wasannin da ke ɗauke da su. Laftof mai makunnin MUX tana iya aika hoto kai tsaye daga babban katin zuwa fuska ba tare da ya bi ta ƙaramin katin da ke cikin furosesa ba. Wadda take da sandar ma'adana guda ɗaya kuma, ƙara mata ta biyu yana taimaka wa wasanni da dama.

Bayan an gama da waɗannan ne ƙarin gudu yake da gurbi. A ƙarshen aikin a kwatanta sabon maki da na farko. Idan ribar hotuna biyu ko uku ce, zafi kuma ya ƙaru har fankoki ba sa hutawa, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, sai a mayar da katin yadda kamfani ya saita shi.